Zuwa ga Gwamnan Jihar Damagaram: wa ya ba rasin ɗan kanti ƙarfin da ya fi na doka?

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya taya riƙo. Na san aiki ya yi maka yawa, don haka ba zan tsaya dogon kirari ba.

Layi guda ne ya sa na ɗauki alƙalami, layin nan da ake bugawa da ƙananan baƙaƙe a gindin rasi, da Faransanci, wai kayan da aka sayar ba a karɓarsu, ba a musanya su. Ka san shi, ranka ya daɗe, don duk wanda ya taɓa sayen ko da fanka ce a kantunan garin nan ya gan shi. Yau daga Kasuwar Dole har kantunan Zango da Sabon Gari, wannan layi ya fi alƙali faɗa a ji.

Ana saura mako 3 azumi mai ɗakina ta kwashi adashinta, ni kuma na cika da ɗan abin da na tsimi daga albashin koyarwa, muka sayi firigo a kan jika 185. Niyyarta ta riƙa yin ƙanƙara da zoɓo da lamurje, ka san yadda ƙanƙara take daraja a Damagaram da zarar la'asar ta yi wa mai azumi. Cikin kwalinsa muka same shi, da ledarsa. Mai kanti ya rantse sabo ne fil. Ya jona shi a gabanmu minti 5, ya kama hannuna ya ɗora a bangon ciki, ya ce, "Malam, ji sanyi." Na ji sanyi kuwa. Muka biya, aka ɗora a amalanke.

Kwana 9 ya yi yana aiki. A na goma muka tashi ruwa ya malale ɗaki, ledojin zoɓo sun yi tsami. Na kira mai gyara. Ya kwance murfin baya, ya haska da fitilar salularsa, ya sa farce ya kankare baƙin fentin da ke jikin injin, sai ga tsatsa ta fito ja wur. Ya nuna mini inda aka yi wa bututun tagulla walda har wuri biyu, da gurbin takardar shaida da aka ɓanɓare. Ya miƙe yana share hannu, ya ce, "Malam, wannan injin ya girmi ɗanka na fari." Ɗana na fari yana aji 6.

Zuwana na farko kantin, aka ce mai gida ya tafi Kano. Na biyu, aka ce wuta ce ta ƙone shi, alhali akwai na'urar daidaita wuta a jikinsa tun ranar farko, kuma ban taɓa jin wutar da ke yi wa bututu walda ta shafa masa fenti ba. A na uku ne mai kantin da kansa ya karɓi rasin daga hannuna, ya ɗora yatsa a gindinta, ya ce, "Ai kai malami ne, karanta." Ya ƙara da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ce masa da rariya ya ce zai sayar mini, da kuɗin rariya zan biya.

Abin da ya fi maganarsa ci mini rai shi ne mutanen da suka taru. Dattawa ne, masu mutunci, babu wanda ya ce ɗan kanti ya kyauta, amma kowa cewa yake, "Haƙuri za ka yi, Malam, tunda an rubuta." Tunda an rubuta! Wa ya rubuta? Mai kanti ne ya kai wa mai buga takardu, ya biya shi, aka buga masa abin da yake so. In haka ne ni ma gobe sai in buga tawa, cewa bashin da na ci ba a biya.

Ranka ya daɗe, ba ni zan koya maka doka ba, tuni kawai nake yi. Ƙasar nan tana da doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayu 2015, wadda ta kafa ginshiƙan kare mai saye. A 2019 aka bi ta da wata da ta fayyace laifuka da hukuncinsu. Tun kafin su ma, kundin dokokin zaman jama'a da muka gada, daga aya ta 1641, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikin da aka saye su dominsa. Mai saye yana da zaɓi, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa. In kuwa mai kaya ya san da aibin ya rufe, babu rubutun da zai wanke shi, har asarar da ya jawo sai ya biya. Amma dokar ta ce mai ƙorafi ya hanzarta, kada ya bar abin ya daɗe. To ka ga amfanin "mai gida ya tafi Kano" da "dawo jibi". Ana cinye wa talaka lokacinsa ne da gangan, shi kuwa bai ma san lokacin yana da iyaka ba.

Ta ina zai sani? Dokar tana can kwance cikin littafin gwamnati da Faransanci, rasin da ke murƙushe ta ma da Faransanci. A watan Maris 2025 aka shelanta mana cewa Hausa ta zama harshen ƙasa, muka yi ta murna a garin nan. To ga wurin gwaji ya zo. Matar da ta taso daga Mirriya ko Matamaye ta sayi keken ɗinki, ta koma gida ta tarar ba ya ja, da wane harshe aka taɓa gaya mata tana da haƙƙin mayarwa? Duk shekara 15 ga Maris ta zagayo, ranar masu saye ta duniya, ana taro a zaure mai sanyi a karanta jawabi a sha lemo. In azumi ya gabato a zaga kasuwa da kyamara, a tambayi kuɗin buhun sukari da na shinkafa, a roƙi ƴan kasuwa su ji tsoron Allah. Madalla. Amma ban taɓa ganin an ɗaga rasi guda an ce wannan layi na ƙasa fa bai halatta wa kowa ha'inci ba.

Abin kunyar ma, wannan ba baƙon ilimi ba ne da sai an ɗauko daga Yamai ko daga Turai. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malaman zaure a Birni ya karanta babin ciniki, ya san zaɓin da shari'a ta ba mai saye idan aibi ya bayyana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji damshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ya kuma hana a ɗaure hantsar tunkiya ko raƙuma don nono ya taru a ruɗi mai saye, ya ba wanda aka yi wa haka damar mayar da dabbar cikin kwana 3, ya haɗa da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Injin da aka shafa wa fenti aka cusa cikin sabon kwali, meye bambancinsa da ɗaurarriyar hantsa? A kasuwar dabbobi har gobe dillali yana tsayawa a kan dabbar da ya sallama, don sunansa shi ne jarinsa. Masu kwali da leda ne suka zo mana da sabon addini.

Ba na cewa duk ɗan kanti macuci ne. Da yawansu su ma a rufe suka saro, daga Kano, ko daga kwantenar da ta sha doguwar hanya daga Lome, kuma in kaya suka fito da aibi ba su da wanda za su kama. Na yarda. Amma shi yana da lambar wanda ya sarar masa, yana da ƙungiya, yana da bakin da za a saurara. Mai ɗakina adashi gare ta, ta kuma kwashe. Don me asarar za ta riƙa gangarowa kullum kan wanda ya fi kowa rauni?

Roƙona, don girman Allah, bai kai gina gada ba. Ka sa hannu a takarda guda, a liƙa ta a ƙofofin Kasuwar Dole da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a gidajen rediyon garin nan safe da yamma: wanda ya sayar da tsohon kaya da sunan sabo, ko ya ɓoye aibin da ya sani, sai ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗi, ko me ya buga a rasinsa. A tilasta rubuta wa mai saye ko kayan sabo ne ko na hannu, da kwanakin garanti a fili, don "in ya samu matsala ka dawo" ta baki ba ta wuce bakin ƙofar kanti. Sannan a ba mu ƙofa guda da za mu ƙwanƙwasa. Da abin ya same ni na tambayi mutane, wani ya ce komisariya, wani ya ce fada, wani ya ce wurin shugaban ƴan kasuwa, wani ya ce jastis, inda kuɗin takardu da zirga-zirga sai su kusa cinye kuɗin firigon. Tebur guda ya isa, cikin kasuwa, da ma'aikacin ciniki da wakilin ƴan kasuwa da mai gyaran da ya san aikinsa, su duba kaya su yanke magana cikin mako.

Akwai maganar batiran sola da ke mutuwa kafin wata 2, da salular da ake sauya wa ciki, da kayan gwangwani da ake goge wa kwanan wata, da sikelin da bai taɓa ganin mai duba shi ba. Waɗannan sai wani jiƙon.

Firigon yana nan a tsakar gidanmu ƙarƙashin bedi, mai ɗakina tana ajiye kwanoni a ciki saboda ƙura. Rasin kuma tana cikin aljihuna, ban yar ba. Duk ranar da ka aiko wanda zai duba, zai tarar da su duka biyun, har da mai gyaran in ana son shaida.

Na gode, a huta lafiya.

Wani malamin makaranta,
Garin Malam, Damagaram