Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Ali Pate: A Riƙa Duba Bakin Masu Ciwon Zuciya

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a.

Yallaɓai abin da ya sa nake rubuto maka shi ne abin da ya sami ƙanwata bara. Tun tana firamare likita ya ce ɗaya daga ƙofofin zuciyarta ta lalace, irin tabon da ciwon maƙogwaro ke bari idan ba a yi masa magani da wuri ba, kuma ka fi ni sanin yadda wannan ya yi yawa a yaranmu na arewa. Shekara da shekaru tana zuwa ganin likita, ana awon jini ana ba ta magani, amma wallahi ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa ce mata buɗe bakinki mu gani.

To sai turmin haƙorinta ya yi rami. Ta cusa kanumfari, ta sha fanadol har ta gaji, ƙarshe aka kai ta wajen mai cire haƙori a kasuwa, ya zare shi ya ba ta auduga ta cije. Bayan kamar sati biyu zazzaɓi ya sa ta gaba, a kemis aka ce maleriya ce, aka dawo aka ce taifot, yarinya sai ramewa take tana jiƙa zani da gumi cikin dare, sai da aka ɗauki hoton zuciya aka gwada jini sannan likita ya ce ƙwayoyin cutar baki ne suka bi jini suka je suka manne a ƙofar nan mai tabo. Sati 6 tana kwance ana mata allura ta jijiya. Kuɗin da muka kashe kuwa ba a magana. Likitan ya ce da asibiti aka je, da an tambayi tarihin zuciyarta tun kafin a taɓa haƙorin.

Ko wanda zuciyarsa kalau ma, dasashin da ke zubar da jini kullum idan an yi asuwaki ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta su shiga jini. A 2012 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin ciwon dasashi da toshewar jijiyoyin jini, ko da yake ba ta ce shi ke haddasawa kai tsaye ba, sigari da ciwon suga ma suna da hannu a duka biyun. Mu kuwa jinin dasashi ko a jikinmu, a tofar a wuce.

Najeriya ce ta yi gaba wajen neman Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar noma, mai cinye naman baki da fuskar yara, cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma aka sa ta a Disamba 2023, ga asibitin noma can a Sakkwato yana aiki. Kenan ma'aikatarka ta san baki ba abin wasa ba ne.

Roƙona ba mai tsada ba ne yallaɓai. A ba da umarni duk asibitin da ke duba masu ciwon zuciya ya riƙa tura su wajen likitan haƙori, a ba masu matsalar ƙofar zuciya kati da za su nuna kafin a cire musu haƙori. Ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa kuma a koya musu leƙa baki da tocila, tunda likitan haƙori sai a birni ake ganinsa.

Ƙanwar tawa ta samu sauƙi alhamdulillah, yanzu ana maganar aikin canja ƙofar.

Allah ya taimaki Minista.