Sanarwa: yadda za a gane Paidia a jikin tukwanen Girka

Salamu alaikum ƴan'uwa. Masu turo hotunan tukwanen Atina (birnin Athens na Girka), a kula da Paidia, wato wasa da aka zana a siffar budurwa, wajajen 420 zuwa 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba ta da alama tata ta dindindin, sunan da aka rubuta kusa da ita ne shaida. Fentin rubutun yakan dushe, sai a haska fitila daga gefe kafin ɗaukar hoto.

A ƙirga haruffan Girkanci: ΠΑΙΔΙΑ (Paidia) shida, ma'anarsa wasa, ΠΑΙΔΕΙΑ (Paideia) bakwai, ma'anarsa tarbiyya. Nan ake yawan tuntuɓe.

Galibi tana cikin tawagar Afrodita, abar bautar soyayya ta tsoffin Girkawa. A wani battan yumɓu da ke New York, sanda take tsayarwa a kan yatsa. A wata kwalbar turare da ke Munich ta Jamus kuwa, Himeros, wato sha'awa da aka zana a siffar yaro, take turawa a lilo.