Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Fama da Ciwon Jijiya Mai Nasaba da Garkuwar Jiki

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Mafi yawan zamanmu na bana a kan abu ɗaya muka yi su: kwamfilimen, wani sashe na garkuwar jiki. Mun zaɓe shi ne saboda mambobi da dama sun ji labarin sababbin magunguna masu dakile shi, suna ta tambaya ko za su yi musu amfani.

Likitocin da muka gayyata sun bayyana mana cewa kwamfilimen tarin furotin ne sama da 30, hanta ce ke haɗa mafi yawansu. Aikinsu huda ƙwayoyin cuta. Matsalar tana zuwa ne idan garkuwar jiki ta yi kuskure ta nuna musu jikin mai ita. A ciwon mayasteniya (raunin tsoka), antibodi, wato furotin ɗin da garkuwar jiki ke haɗawa don kama abokin gaba, kan manne a mahaɗar jijiya da tsoka, kwamfilimen ya biyo baya ya lalata wurin. Daga nan fatar ido ta faɗi, tauna ta gagara, wani lokaci har numfashi. A ciwon NMO (kumburin jijiyar gani da laka) kuwa, antibodin da aka gano a 2004, mai kai hari kan wani furotin da ake kira akwaforin-4, shi ke jawo ɓarnar a jijiyar gani da laka.

Maganin eculizumab yana tare furotin C5 na kwamfilimen, inda hudar ke somawa. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi ga mayasteniya a 2017, ga NMO a 2019. Ravulizumab ya biyo baya, ana ɗaura shi duk mako 8 maimakon mako 2.

Abin da muka fi nanatawa, kuma za mu ci gaba: ba kowa maganin ya dace da shi ba. Mai mayasteniya da ke ɗauke da nau'in antibodin da ake kira MuSK, alal misali, ciwonsa ba ta wannan hanyar yake ɓarna ba. Shi ya sa muka raka mambobi suka yi gwajin jini tukuna. Mun kuma wayar da kai kan rigakafin sanƙarau, domin tare C5 yana buɗe wa wannan cuta ƙofa. Ana so a yi allurar aƙalla mako 2 kafin fara magani.

Ziyarar marasa lafiya da taron iyalai sun gudana yadda aka saba.

Inda muka gaza shi ne tsada. Akwai mambobin da gwaji ya nuna maganin zai yi musu, amma ba su da halin samunsa, kuma wannan yana ci mana rai. Da shi kwamiti zai buɗe aikin baɗi.

Sakataren ƙungiya