Guguwa ta wuce, har yanzu ban ji muryar aminiyata ba

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Na kawo miki kukana ne domin wadda na saba kai wa, ita ce yau nake nema.

Ina da aminiya tun muna makarantar koyon aikin jinya. Aiki ya kai ta Jamaika, tsibirin nan da ke yankin Karebiyan, inda take zaune da mijinta da 'ya'yansu biyu a gundumar St Elizabeth, kusa da garin Black River na bakin teku. Mijin ma tamkar yaya yake a wurina. Ranar Talata 28 ga Oktoba 2025 mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Melissa ta afka wa kudu maso yammacin tsibirin tana mataki na 5, wanda shi ne ƙololuwa, da iska mai gudun kusan kilomita 295 a awa ɗaya. Ta sauka ne a gundumar Westmoreland da ke maƙwabtaka da su, kuma garin nasu na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Rufin gidaje ya tashi, teku ta hauro cikin gari, itatuwa da turakun lantarki sun datse hanyoyi.

Saƙonta na ƙarshe ya zo kafin iskar ta iso. Ta ce sun tara ruwa, sun toshe tagogi, in yi musu addu'a. Daga nan shiru. Saƙonnina na WhatsApp duk suna nan da alama ɗaya, kiran kuma ba ya shiga.

Na san abin da za a ce mini, ni ma ina faɗa wa kaina: guguwar ta bar akasarin tsibirin ba wuta, turakun sadarwa sun faɗi, shiru ba ya nufin mutuwa. A Yulin 2024 da guguwar Beryl ta ratsa ta gefensu sun yi makonni ba lantarki, kuma suka fita lafiya. To amma mijinta yana da ciwon sukari, da allurar insulin yake rayuwa, ita kuwa allurar nan sanyi take so, zafi na rage mata ƙarfi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda jikin mai irin wannan ciwo yake rikicewa in ya rasa ta. Kuma na tuna abin da ya faru a tsibirin Puerto Rico, shi ma a yankin Karebiyan, bayan guguwar Maria a 2017. Da farko hukuma ta ce mutum 64 suka rasu, daga baya ta amince da ƙiyasin 2,975, kuma da yawansu sun tsira daga iskar, rashin wuta da magani da hanyar zuwa asibiti ne suka ɗauke su a makonni da watannin da suka biyo baya. Shi ya sa in aka ce mini “ai guguwar ta wuce”, hankalina ba ya kwanciya.

Na shigar da sunayensu wurin ƙungiyar Red Cross, a sashenta na sada iyalan da bala'i ya raba. Wasu na cewa in tura kuɗi, to wa zai karɓa a garin da ba wuta ba intanet? Ga masu buɗe asusun taimako a Facebook, ban san na gaskiya ba, ban san na 'yan damfara ba. In kina da hanyar tantance su, ki taimaka mini da ita.

Babban abin da ya sa na rubuto, Hajiya, shi ne mahaifiyarta. Mama ta tsufa, tana fama da hawan jini, ba ta bin labarai. Ta saba jin muryar 'yarta kowane mako, yanzu da ta ji shiru ni take kira. Yayan aminiyata ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya mata, a ce matsalar layi ce kawai, har a sami labari. Na fahimce shi, tsoro yake kada jininta ya hau. Ni dai ina ganin ba daidai ba ne. Uwa ce, tana da hakkin ta san halin da 'yarta take ciki, kuma ba addu'ar da ta kai tata. Ina kuma gudun ta tsinci maganar a bakin wani ba shiri, ko wani yaro ya nuna mata bidiyon garin a waya, wanda hakan ya fi abin da muke gudu muni. In kuwa, Allah ya kiyaye, labarin da zai zo ba mai daɗi ba ne, da wane ido zan kalle ta? Duk da haka ni ba 'yar cikin gidan ba ce, ba na so in tsallake maganar babban ɗanta in haddasa rigima a lokacin da ya kamata kanmu ya haɗu.

Ni kaina barci ya ƙaurace mini. Dare ya raba ina bin hotunan wurin ɗaya bayan ɗaya ko zan hango fuskar da na sani, da safe in tafi wurin marasa lafiya da kai mai nauyi, aikin da ba ya son kuskure. Maigidana ya ce in ajiye wayar, na gwada na kasa.

Don Allah ki ba ni shawara. In bi maganar yayanta in ci gaba da ce wa Mama layi ne, ko in same shi mu zauna da ita tare? In gaya mata ne ya dace, da waɗanne kalmomi zan fara, alhali ni kaina ba ni da amsar tambayar farko da za ta yi mini?

Wassalam,
'Yarki mai sauraronki