A daina kai rigar ruwa wurin keken ɗinki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu sayen rigunan ruwa da takalman but na gwanjo yanzu da damina ta kankama, tare da teloli da masu gyaran takalma da ake kai wa kayan idan sun yage.

Masu tsada daga cikinsu, irin su Gore-Tex, suna ɗauke da wata siririyar leda a tsakanin yadin, wadda Bob Gore ya samar a Amurka a 1969, kuma ƙofofinta sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururin gumi yana fita ta cikinsu. Shi ya sa tun a masana'anta ake bin bayan kowane ɗinki da tef mai gam, domin duk inda allura ta huda, nan ruwa zai shiga. Saboda haka telan da ya ɗora irin wannan riga a kan keke, ko mai gyaran da ya bi but da basilla har ciki, ya toshe yaga ɗaya ne ya buɗe ƙofofi masu yawa, kuma ban ga laifinsu ba tunda babu wanda ya yi musu bayani. Abin da ya dace shi ne a goge wurin, a bari ya bushe, a liƙa faci daga ciki, a kuma zagaye kusurwoyin facin da almakashi don kada su ɗago.

Wanki ma yana kashe su. Garin sabulu da bilic suna ɓata maganin da aka shafa a saman yadin ta waje, wanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, sai rigar ta jiƙe ta yi nauyi, mai ita ya ɗauka yoyo take yi. Sabulun ruwa kaɗan da ɗauraya mai kyau sun isa, sannan a guga da ɗan ɗumi bayan an shimfiɗa ƙyalle a kai. Dutsen guga na gawayi kuwa yana iya ƙona yadin ya ɗaye tef ɗin.

Mai saye a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ya juya rigar ya duba ko tef ɗin ya fara ɓarewa. Idan kuma but ne, ya danna tafinsa da babban yatsa, domin wata robar takan ruɓe a ajiye saboda zafi da laima, ta marmashe ko da ba a taɓa taka ta ba, kuma irin wannan lalacewa gam ba ya maganinta, sai dai a sauya tafin gaba ɗaya.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano