Ruwan Wanka Na Cin Kuɗinmu a Legas, Alhali Ga Rana a Kan Rufi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas, musamman masu gidajen haya da shugabannin unguwanninmu, kan wani abu da yake cin kuɗinmu kullum ba tare da mun sa shi a lissafi ba, wato dafa ruwan wanka. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu daina ƙona wutar lantarki da gas da gawayi a kan aikin da rana za ta iya yi mana, kuma waɗanda ya kamata su fara su ne masu iko da rufin gida.

Wani zai ce ai Legas gari ne mai zafi, me ya kawo maganar ruwan zafi? Wanda ya taɓa tashin yara da asuba a watan Yuni ko Yuli, ana tsuga ruwan sama, domin a shirya su zuwa makaranta kafin hanya ta cushe, ba zai yi wannan tambaya ba. Ga tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba sa iya taɓa ruwan sanyi ko da na alwala ne. Ga jarirai. Ga kuma mai jego, wadda al'adarmu ta tanadar mata wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, al'adar da muka taho da ita daga Arewa, inda ake hura itace a tsakar gida, muka kawo ta ɗakin haya a Agege ko Idi-Araba inda babu itacen kuma babu tsakar gidan. Buƙatar tana nan, kuma kusan kowane gida yana biya mata kuɗi ta wata hanya.

A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta ɗaga farashin wuta ga waɗanda ke rukunin A, masu alkawarin samun wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Daga baya an ɗan sauko da shi, ya tsaya a kan naira 209.50 a watan Yulin 2024. Layuka da dama a ƙarƙashin kamfanonin rarraba wuta na Ikeja da Eko suna cikin wannan rukuni, kuma tun daga lokacin mutane suka shiga kashe ƙwai da fanka suna neman sauƙi. Amma ba nan ɓarnar take ba. Hita mai ƙarfin wat 1,500 tana jan wutar da ƙwai 150 masu wat goma-goma za su ja a lokaci guda. Lissafin kuma ba mai wuya ba ne: kafin a kai ruwa lita 50 daga digiri 27, kamar yadda yake fitowa daga famfo, zuwa digiri 60, sai an ci wuta kusan yunit biyu, wato wajen naira 400 a wancan farashi. Gidan da ke yin haka safe da yamma zai kashe wajen naira 24,000 a wata kan ruwan wanka kaɗai, a jihar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacinta aka tsayar da shi kan naira 85,000 a 2024. Wannan ya haura kashi ɗaya bisa huɗu na albashin.

Waɗanda ba sa rukunin A su ma ba su tsira ba. Tunda wutarsu ba ta tsayawa, sai su koma ɗora tukunya a kan gas ko gawayi, kuma kowa ya san yadda farashin waɗannan ya tashi. Wanda kuma ya ce zai jona hita a janareta, to tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zaɓi hanya mafi tsada, idan ma ƙaramin janaretan ya iya ɗaukarta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaramar hitar nan da ake tsomawa cikin bokiti. Tana da araha, shi ya sa take ko'ina, amma wayarta kan ɓare, ana mantawa da ita har ruwa ya ƙone roba ta narke, kuma yaro na iya tsoma hannu ya ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone. A gidan da iyalai goma suke amfani da banɗaki ɗaya da waya ɗaya da ta tsufa, wannan kasada ce da bai kamata mu saba da ita ba.

Na'urar dafa ruwa da zafin rana daban take da sola ta lantarki da muka sani, kuma rashin bambance su ya sa wasu suna asara. Faifan sola na lantarki yana mayar da kimanin kashi ɗaya bisa biyar ne kawai na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta, sannan a bi ta inbata da batir. Wanda ya jona hita a wannan tsari yana gajiyar da batirinsa mai tsada ne a kan aikin da ba nasa ba. Ita kuwa na'urar ruwa kai tsaye take kama zafin, tana riƙe rabinsa ko fiye. Ginin nata mai sauƙi ne: baƙin faranti mai bututu a cikin akwatin gilashi, ko jerin bututun gilashi, sai tanki a samansu wanda aka naɗe da abin da ke hana zafi fita. Ruwan da ya yi zafi yakan yi sama da kansa ya shiga tankin, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa har rana ta faɗi, babu famfon lantarki, babu batir. Tanki mai kyau yakan riƙe zafin har wayewar gari, lokacin da aka fi buƙatarsa. Da yake yawancin gidajen Legas suna da rijiyar burtsatse da tankin sama, hanyar da ruwa zai shiga na'urar ta riga ta samu, matuƙar tankin ruwan sanyi ya fi ta tsayi.

Sai dai dole a faɗi gaskiya, Legas ba Sakkwato ba ce, kuma duk mai sayarwar da ya ce na'urar za ta ba da ruwan zafi kowace rana a shekara ba tare da taimako ba, yaudara yake yi. A tsakiyar damina akan yi kwanaki hadari bai yaye ba, ruwan ya tsaya a ɗumi kawai. Shi ya sa ake sa wa tankin ƙaramar hita ta ko-ta-kwana, wadda za a kunna a irin waɗannan ranaku kaɗai, kuma ko a lokacin ba daga ruwan sanyi za ta faro ba. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, saboda haka mazauna Obalende da Apapa da Ajah su nemi ƙafafu da tanki na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ruwan burtsatse a sassa da dama na jihar yana da ƙarfe ko gishiri, wanda kan toshe bututu ya huda tanki, don haka a gwada ruwan kafin a sayi na'urar, a kuma sa matata idan da buƙata. Tanki mai lita 200 yana ɗauke da ruwa mai nauyin kilo 200 ban da nauyin na'urar kanta, nauyin da rufin kwano mai tsofaffin katakai ba zai ɗauka ba sai an kafa masa hasumiyar ƙarfe. Akwai kuma batun lafiya ta fuska biyu. Ruwan da ya daɗe a tanki yana ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, wuri ne da wata ƙwayar cuta mai kama huhu take hayayyafa, shi ya sa ake son zafin tanki ya riƙa kaiwa digiri 60. Amma ruwa mai wannan zafi yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, kuma a ranar da rana ta buɗe sosai yakan wuce haka nesa, saboda haka wajibi ne a sa bawul mai sirka shi da na sanyi kafin ya iso banɗaki. Duk waɗannan ba dalilan fasawa ba ne, dalilai ne na neman gwani da kaya masu inganci, domin araha ba ta ado.

Ga mazauna benaye da ba su da rabo a rufi, da masu masauki da ƙananan asibitoci, akwai injin da ke zuƙo zafi daga iska ya zuba shi cikin ruwa, da irin dabarar da firji yake aiki da ita. Yana cin kimanin kashi ɗaya bisa uku na wutar da hita take ci, kuma iskar Legas mai ɗumi ta dace da shi, sai dai yana da tsada kuma yana son wuta tsayayya. Wanda kuma yake da tankin hita na bango kuma ba shi da halin sauyawa yanzu, ya daina barinsa a kunne dare da rana, ya kunna shi kafin wanka ya kashe bayan ya gama, ya kuma tabbatar makunnin da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafi yana aiki.

Babban cikas a nan Legas ba na fasaha ba ne. Yawancinmu 'yan haya ne. Ɗan haya shi ke biyan kuɗin wuta da gas, amma ba shi da ikon ɗora komai a kan rufi, kuma ba zai zuba ɗaruruwan dubban naira a gidan da za a iya tashinsa baɗi ba. Mai gida kuwa yana da rufin, amma ba aljihunsa ne yake zuba ba, don haka bai ga abin da zai motsa shi ba. Muddin ba a haɗa waɗannan biyun ba, maganar za ta tsaya a gidajen masu hali. Ina ganin mafita ita ce mai gida ya kafa babbar na'ura guda ɗaya ga gidan gaba ɗaya, a yi yarjejeniya a rubuce cewa kowane ɗaki zai riƙa ba da wani ƙayyadadden abu a wata wanda bai kai abin da yake kashewa yanzu ba, har kuɗin ya fito, sannan a rage shi zuwa na gyara. Ina kira da babbar murya ga Alhazanmu masu gidaje a Agege da Mile 12 da Alaba Rago su fara wannan, domin su ma za su amfana: wayoyin gidansu za su huta da nauyin hitoci, haɗarin gobara ya ragu.

Gidajen wanka na kasuwanni su ne wurin da ribar za ta fi saurin bayyana, tunda suna da jama'a kullum, kuma duk wanda ke sayar da ruwan zafi a cikinsu ya san abin da itace ko gawayi ke ci masa. Haka nan masallatan Juma'a da makarantun kwana na Islamiyya, inda rufi yake da faɗi kuma na jama'a ne. Idan mutane suka taɓa ruwan da hannunsu a wurin alwala da asuba, sun gamsu fiye da duk bayanin da za a yi musu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da suka saba da adashi za su iya sayen na'urorin a dunƙule, su sami rangwame, su kuma ɗaure mai kawowa da sharaɗin gyara.

Gwamnati ma tana da nata. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu, kuma Jihar Legas ta kafa tata dokar a ƙarshen 2024. Duk hitar da aka cire daga layi da safe sauƙi ne ga taransifomar unguwa, don haka wannan magana ta shafi jihar kai tsaye. Amma ina fatan ba za a bi hanyar tilastawa ba. Kenya ta yi doka a 2012 da ta wajabta wa manyan gidaje kafa wannan na'ura tare da barazanar tara, aka yi ta ƙorafi, har majalisar ƙasar ta soke ta a 2018. Barbados kuwa, ƙaramin tsibiri mai iskar gishiri irin tamu, ta bi hanyar rangwamen haraji tun shekarun 1970, har na'urar ta zama ruwan dare a gidajenta kuma ake ƙera ta a cikin ƙasar. Wannan ta biyun ita ta dace da mu: a sauƙaƙa harajin shigo da kayan, a samar da bashi mai sauƙin biya ga masu gidajen haya, hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ta sa ido kan tankunan da ke shigowa kasuwannin Alaba da sauransu, a kuma horar da matasanmu masu aikin famfo da walda yadda ake kafawa da gyarawa, domin na'urar da babu mai gyaranta a unguwa ba za ta daɗe tana aiki ba.

Ina roƙon Sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da limamanmu su sa wannan batu a zamansu na gaba da masu gidaje, su zaɓi masallaci ɗaya ko gidan wanka ɗaya a kowace unguwa a fara da shi kafin damina mai zuwa, a riƙa rubuta abin da ake kashewa kafin kafawa da bayanta. Ita kuma wannan jarida, ina fatan za ta tura wakilinta ya bibiyi sakamakon, ya buga alƙaluman yadda suke domin masu karatu a sauran garuruwa su yi nasu lissafin.

Na gode da wannan dama.

Wassalam,
Mai karatunku daga Agege, Legas.