Dokar kulle ta korona: wace doka ce ta ba su hurumi?

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan dokar kulle ta lokacin korona, don har yau ba a ba talaka amsa ba, kuma annoba ba ta ƙare zuwa ba, ga mashaƙo nan mun gani a Kano a 2023.

Ranar 29 ga Maris 2020 Shugaba Buhari ya sanar da rufe Legas da Ogun da Abuja, sai washegari ya sa hannu a kan ƙa'idojin, lokacin su Wole Soyinka da wasu lauyoyi har sun fara tambayar ina ya samo wannan ikon. To dokar da ya dogara da ita ta killace masu cuta ce ta 1926, tun zamanin Turawa fa, kuma hukuncin da ke cikinta tarar naira 200 ce ko ɗaurin wata 6. Amma kotunan tafi-da-gidanka sun riƙa cin mutane tarar dubbai, a Ribas ma gwamna Wike otal biyu ya rushe ba tare da wani alƙali ya yanke hukunci ba. Wasu jihohin sun ce da dokar lafiya ta jiha suka yi aiki, to sai a nuna mana sashen.

Ni ban ce kar a kulle gari ba wallahi, rai ya fi kasuwa, kuma sashe na 45 na tsarin mulki ya yarda a taƙaita zirga-zirga saboda lafiyar jama'a, amma doka ya ce, ba sanarwar gwamna a rediyo ba. In kuwa abin ya kai na ta-ɓaci ga sashe na 305 nan, dole sai majalisar tarayya ta amince, aka ƙi bin wannan hanyar. Abin da ya biyo baya kowa ya ji, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko, lokacin da ita kanta cutar ba ta kashe haka ba a Najeriya. Ɗan sanda a shinge shi ne mai kamu, shi ne alƙali, shi ke karɓar tara.

Ƙudurin dokar daƙile cututtuka masu yaɗuwa da Gbajabiamila, kakakin majalisar wakilai na lokacin, ya kawo a 2020 ya sha suka saboda ya tara wa shugaban NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, iko da yawa, aka watsar, shiru kake ji.

Roƙona ga sanatocinmu da 'yan majalisa, su dawo da maganar yanzu da hankali ke kwance, a yi zaman jin ra'ayi har da Hausa, a rubuta wa ke da ikon rufe kasuwa da masallaci, na kwana nawa, tarar nawa, me za a ba mai fita kullum ya samo na cefane, kuma wace kotu wanda aka zalunta zai nufa.

Na gode,
Mai karatunku daga Kano